Mutum Biyar a Shafi na Ɗari da Sha Huɗu

Tvøroyri, Litinin, 2 ga Nuwamba, 1998. Ƙarfe tara da kwata na safe, a ɗakin jiran jirgin fito. Iska ta hana jirgin isowa, ina zaune a kan kwalin littattafai.

Zuwa ga yayata Oddvør,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Mads da 'yar lelenmu Liv. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin Esbjerg, can Denmark? Tarin nan ya saki Liv kuwa? Mama tana nan ƙalau, sai dai gwiwar da kika sani.

Yaya, littafin ya fito. Sunana yana bango ƙarƙashin na Kyaftin Hallur, da haruffa girma ɗaya. Na zaci zan yi murna, amma tun da na riƙe shi gabana ke faɗuwa, domin abin da aka buga ba ya goguwa.

Ba ki taɓa ganin Kyaftin ba, bari in kwatanta miki. Ya haura saba'in, mutumin tsibiranmu na arewa ne, ya tuƙa jiragen kamun kifi har idanunsa suka fara gaza masa. Aikinmu kullum iri ɗaya ne. Da safe in kunna masa rikoda a kicin ɗinsa ya yi ta zuba, da rana in tafi ma'ajiyar takardun tarihi in bi abin da ya faɗa, washegari mu yi faɗa. In ya ce mutum ashirin ne a jirgi, in ce sha tara aka rubuta, sai ya ce, “To, Malama Hujja ta iso. Je ki gaya wa na ashirin ɗin bai mutu ba.” Wani lokaci ni ke da gaskiya, wani lokaci shi. Haka muka bi jiragen tsibirin Suðuroy da suka tafi kamun kifi Iceland ba su dawo ba, ɗaya bayan ɗaya.

Yana da wata doka da ba ta cikin abin da aka koya mana a jami'a. Ba ya yarda hoton jirgi ya juya goshi zuwa bakin shafi. Ya ce, “Jirgin da ya kalli waje fita zai yi. Waɗannan sun fita sau ɗaya, ya isa haka. A littafina kowa ciki zai nufa.” Har waya ya buga wa mai tsara shafuka a Denmark ya karanta masa wannan doka. Ni dai dariya na yi.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne sunayen mutanen da ke cikin tsofaffin hotuna. Dabararmu ita ce mu shiga ƙauye da majigi, mu rataya zanen gado a zauren taro, mu haska hoto, tsofaffi su faɗi wane ne wane. A Selvík, bara, wani tsoho mai suna Dánjal ya ba mu sunayen mutum biyar da ke tsaye a kan jirgin Lómurin, wanda ya ɓace da duk mutanensa a watan Maris na 1938. Shi kaɗai ya rage da ya san fuskokinsu. Ya rasu a Satumba, bai ga littafin ba.

Jiya a Selvík muka ƙaddamar, don ta zo daidai da ranar tunawa da waɗanda teku ta ci. Fasto ya karanta sunaye a gaban dutsen tunawa, ruwa yana dukan takardarsa, sannan aka koma zaure aka sha kofi. Kyaftin ya yi jawabi mai tsawo, ni na karanta shafi ɗaya.

Da muka zauna sa hannu, wata dattijuwa ta zo, Bergtóra sunanta, shekarunta sittin. Ba ta nemi sa hannu ba. Ta buɗe shafi na ɗari da sha huɗu ta ce, “'Yar nan, karanta mini abin da ke ƙasan hoton, na bar tabarau a gida.” Na karanta mata: daga hagu, Esmar, Pól, Heðin, Jákup, Niklas. Ta ɗora yatsa a kan na farkon, wani mai faɗin kafaɗa da ba hula a kansa, yana dariya. Ta ce, “Ashe haka yake.” Mahaifinta ne. Tana ciki aka rasa shi, kuma gidansu ba su taɓa mallakar hotonsa ba. Ta daɗe a tsaye, layi ya taru a bayanta. Da ta tafi Kyaftin ya fyace hanci ya ce, “Kin gani? Wannan ba ya cikin takardunki.”

Na gaya miki wannan ne don shi kaɗai ya sa na ji shekara biyun nan ba su tafi a banza ba. Saura ƙauyuka da yawa, da gidan rediyo, da 'yan jarida. Kyaftin ya ce rubuta littafi rabin aiki ne, sauran rabin ɗaukar kwali.

Ga jirgin can ya shigo. Ki gaida Mads, ki sumbaci Liv a goshi.

Ƙanwarki,
Rannvá

Tórshavn, Laraba, 25 ga Nuwamba, 1998

Yaya Oddvør,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga takardarki, na ji daɗi da Liv ta warke. Kin ce in daina neman abin damuwa. Wannan karon ba ni na neme shi ba.

Tallar tana tafiya yadda take tafiya. A wani ƙauye mutum shida suka zo, biyu a cikinsu don ɗumin zaure. A gidan rediyo mai gabatarwa ya kira ni sakatariyar Kyaftin, shi kuwa ya ce, “Sakatariya? Ita ce kyaftin, ni mai wanke tukwane ne.” Masu sayen littafinmu tsofaffi ne, kowa sai ya duba jerin sunaye a baya, in ya ga nasa ya saya, in bai gani ba ya ajiye.

Makon jiya wata jarida ta turo mai ɗaukar hoto, ya ce mu koma Selvík, in tsaya a bakin gaɓa daidai inda aka ɗauki hoton Lómurin, in riƙe littafin a buɗe. Na tsaya. Yana gyara na'urarsa, ni kuma ina duba shafin ina duba tudun da ke hayin ruwa. Akwai wani dutse mai tsagaggen kai da ya ɗan fito a kusurwar hoton. A gabana yana dama. A littafin yana hagu.

Na je gidan tarihi aka fito mini da asalin gilashin hoton, wanda a kansa aka ɗauke shi irin na da. Dutsen yana dama, goshin jirgin kuwa hagu yake kallo. Shafinmu ma na hannun hagu ne, wato da an bar hoton yadda yake, jirgin zai kalli bakin shafi. Na buga wa mai tsara shafuka waya. Bai ma ɓoye ba. Ya ce an ba shi doka, ya bi doka, ya juya hoton kamar a madubi. Sunan jirgin bai fito a hoton ba, balle haruffa su tona asiri. Sunayen ƙasa kuma ya bar su yadda na aika. Ni ma na duba shafin kafin a buga, na bi kowane harafi, ban ɗaga ido na kalli dutsen ba.

Kin ga abin da ke nan? Heðin na tsakiya ne kaɗai ya tsira da sunansa. Mai dariyar nan da Bergtóra ta ɗora wa yatsa, a asalin hoton shi ne na ƙarshe, wato Niklas. Esmar shi ne siririn da ke ɗaya gefen, wanda hula ta rufe wa rabin fuska.

Na kai wa Kyaftin maganar a kicin ɗinsa. Ya ɗauki gilashin ƙara girma ya daɗe a kan shafin. Sannan ya rufe littafin ya ce, “Bar shi.” Na ce, “Baba Hallur, ƙarya muka buga.” Ya ce, “Mace ta yi shekara sittin ba uba, ta samu, za ki je ki ƙwace don dutse ya koma dama? Niklas ba shi da kowa, ba wanda zai kawo ƙara.” Na ce ai ba mu muka raba wa mutane iyaye ba, balle mu musanya. Ya ce, “Malama Hujja, ke matattu kike tsoro, ni masu rai.” Mun yi faɗa sau da yawa, amma wannan ne karo na farko da bai zuba mini kofi ba.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi, ranar da na tsaya a gaɓar nan, Inna Bergtóra ta hango ni ta taga ta kira ni shan shayi. Lokacin zargi kawai nake, ban tabbatar ba. Ta sayi littafi na biyu ta yanke shafin, ta naɗe sauran huɗun baya, ta sa mai dariyar shi kaɗai a ƙaramin firam kusa da agogo. Ta yanko mini busasshen naman tunkiya, ta ce, “Dubi kunnuwan nan. Jikana sak. Na daɗe ina tambayar inda yaron ya samo su, ashe gado ne.” Ta ce kullum da safe in ta zo kunna murhu sai ta ce masa ina kwana. Ta yi dariyar kanta. Na cinye naman na yi mata sallama, ban faɗa mata zargina ba.

Yaya, ba na iya barci sosai. In na yi shiru, mace tana gaida baƙo da sunan ubanta, kuma da hannuna aka yi. Bayan shekara hamsin wani ɗalibi zai kwafe kuskuren daga littafinmu, ya zama gaskiya. In na faɗa, na san abin da zan ɗauke mata. Ke da kike gaya wa mutane labari marar daɗi a asibiti, yaya kike yi?

Ki gaida mutanen gida. Kada ki gaya wa Mama, ta riga ta nuna wa duk maƙwabta littafin.

Taki,
Rannvá

Tórshavn, Asabar, 16 ga Janairu, 1999

Yayata Oddvør,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kun yi bikin Kirsimeti lafiya, kuma safar da Mama ta saƙa ta shiga ƙafar Liv. Ki yafe mini jinkirin amsa. Kin ce a asibiti ba kwa ɓoye wa mutum abin da yake nasa. Na bi shawararki, ba kuma ina ɗora miki laifi ba ne.

Bayan biki na shiga jirgi ni kaɗai na tafi Selvík, da hoton da aka wanke daga asalin gilashin. Na ajiye shi a teburinta kusa da firam ɗin, na yi bayani dalla-dalla, dutsen, dokar Kyaftin, mai tsara shafuka. Ta sa tabarau. Ta kalli siririn mai hula ta daɗe, sannan ta ce, “Wannan ai ba shi da fuska.” Na ce akwai haɓa da baki. Ta ce, “Kin tabbata?” Na ce na tabbata. Ta cire firam ɗin daga bango ta kife shi a kan tebur. Ta raka ni ƙofa, ta ce na kyauta da na zo da ƙafata.

Da na dawo na gaya wa Kyaftin, na ce sai mu rubuta 'yar takardar gyara a saka cikin littattafan da suka rage. Sai ya ce, “Ranar da Dánjal ya faɗi sunayen, wa ya sa hoton a majigi?” Na ce shi ne. Ya ce, “Ke kina ina?” Na ce ina durƙushe gaban Dánjal da rikoda, don muryarsa ba ta fita, bayana yana wajen zanen. Ya ce, “To ai shi ke nan. Ni a zaure ma ba na barin goshin jirgi ya kalli ƙofa. In ya kalla, juya hoton nake yi kafin in sa.”

Yaya, dubi lissafin. In ya juya shi a ranar, to Dánjal juyayyen hoto ya gani, ya bi shi daga hagu, kuma littafinmu daidai yake, mai dariyar shi ne Esmar. In bai juya ba, littafin ne ya yi kuskure. Na ce, “Ka juya ko ba ka juya ba?” Ya ce, “Hotuna arba'in na haska a ranar. Ban sani ba.” Na ce me ya hana shi faɗa tun a Nuwamba. Ya ce, “Na ce miki bar shi. Na san halinki, in kin ji wannan ma sai kin kai mata. Gara uba ɗaya na shakka da babu ko ɗaya.” Ban taɓa ganin tsufa a jikinsa kamar ranar ba.

Na yi duk abin da na iya. Zauren Selvík ƙofa biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe, kuma ba a buɗe ta yamma sai in iska ta juya. Na saurari kaset ɗin har na haddace tarin Dánjal. Abin da ya ce kawai, “Na farkon nan Esmar ne, na kusa da shi Pól,” har ƙarshe. Bai ce mai hula ba, bai ce mai dariya ba. Na tambayi waɗanda suka halarta ta ina dutsen yake. Zanen gadon da muka ara ƙarami ne, kusurwar hoton ta faɗa kan baƙin katakon bango. Wata ta ce dama, mijinta ya ce hagu, suka kama gardama a kan wanda ya fi gani a cikinsu. Dangin Pól da na Jákup sun koma Denmark tun bayan yaƙin duniya na biyu, na rubuta musu, shiru.

Kyaftin ya faɗi gaskiya a kaina. Na koma. Tun da na ce mata na tabbata alhali ban tabbata ba, ba ni da ikon zama.

Na same ta tana gyaran kifi a bayan gida. Ta ce, “Ke ce kuma? Yau wa kika kawo mini?” Na faɗa mata a tsaye. Ba ta daina yankan ba sai da na gama. Ta wanke hannu, ta shiga, na bi ta. Inda firam ɗin yake, ƙusa ce kawai a bango. Ta ciro shi daga aljihun tebur, ta zare shafin, ta warware naɗin, ta shimfiɗa mutum biyar ɗin ta danne su da tafin hannu.

Ta ce, “Shekara sittin ba ni da fuska ko ɗaya, na saba. Kin ba ni ɗaya, kin karɓe, kin ba ni wata. Yanzu kin ce in riƙe biyu.” Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Ban ce kin yi ƙarya ba, 'yar nan. Da ma kin iya ƙaryar.” Ta jingina shafin a jikin agogo, ba firam, don ba ya ɗaukar su duka. Ta ce, “Shi wancan, Niklas, kun ce ba shi da kowa?” Na ce haka muka samu. Ta ce, “To sai in riƙa gaida su duka biyun. Tare suke kwance tun kafin a haife ni, su sasanta tsakaninsu wanda zai amsa.” Sannan ta ce kada in sake zuwa da wani bayani, ko da na samo. Wannan karon ba ta raka ni ƙofa ba.

Takardar gyaran ta ɗauke mu kwana uku. Na rubuta sakin layi guda, Kyaftin ya soke shi ya bar layi ɗaya: “Ba mu san ta wane gefe ake karanta sunayen shafi na 114 ba.” Muka sa hannu mu biyu. Jiya muka zauna a kicin ɗinsa muna cusa ta cikin littattafai, ya zuba mini kofi. Ya fara zancen littafi na biyu, na jiragen tsibiran arewa. Ranar Talata muna da taro a wani ƙauye, in iska ta bari.

Kin san ni, ba na rufe aiki sai na rubuta abin da ya rage. Ga shi, ke kaɗai zan nuna wa.

Ban san ko Kyaftin ya juya hoton a majigi ba.

Ban san ƙofar da aka buɗe a ranar ba.

Ban san ko Dánjal, da idanunsa na shekara tamanin da biyar, fuskokin ya gane ko kuwa yadda suka saba tsayawa ya tuna ba.

Ban san ko mutanen Selvík sun ga dutsensu a hagu tun ranar ƙaddamarwa suka yi shiru saboda ita ba.

Ban san inda jikanta ya samo kunnuwansa ba.

Ban san abin da ya ba mutumin nan dariya ba, ko wa yake kallo a bayan mai ɗaukar hoton.

Kuma ban sani ba, in ta zo kunna murhu da safe, wanne take fara kallo.

Ki gaida Mads da Liv. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Rannvá